Mai Dafaffen Ƙwai da Mai Ƙera Makami: Yadda Kasuwa Ke Sake Yi wa Karatu Farashi

A shekarun 1980 akwai wata magana da ta zaga biranen ƙasar Sin, rabinta raha, rabinta ƙorafi. Cewa ake yi mai ƙera makami mai linzami bai kai mai sayar da dafaffen ƙwai samu ba, kuma mai riƙe da wuƙar tiyata bai kai mai riƙe da askar aski ba. Ƙwan da ake nufi shi ne wanda ake dafawa a ruwan ganyen shayi, a sayar a bakin titi ko a tashar jirgin ƙasa. Tukunya ɗaya da murhu sun ishi mutum jari. Shi kuwa masanin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan lissafi yana nan yana jiran albashin da hukuma ta yanka masa, wanda ba ya motsi sai in shekarun aikinsa sun motsa.

Abin ɗaure kai shi ne wannan ya faru ne bayan an fara buɗe kasuwa, ba kafin nan ba. Jagoran Sin Deng Xiaoping ya ɗora ƙasar a kan turbar gyare-gyare tun ƙarshen 1978, kuma abin da masana tattalin arziki ke koyarwa shi ne kasuwa tana saka wa mai ilimi. To ina ladan ya maƙale? Shekara ashirin bayan haka kuwa labari ya sha bamban, tazarar da ke tsakanin mai digiri da wanda ya tsaya a firamare ta buɗe ƙwarai. Abin da ya faru tsakanin waɗannan lokuta biyu, a Sin da Rasha da Gabashin Turai da Biyetnam, shi ne abin dubawa a nan.

Sai an fara sanin yadda ake yanka albashi a tsarin gurguzu. Ba ciniki ake yi tsakanin ma'aikaci da mai ɗaukarsa ba. Jadawali ne guda da ake bugawa a babban birni: layi na nuna ɓangaren da kake aiki, wani layin na nuna matakinka, sannan a ƙara maka wani abu saboda daɗewa a aiki ko wahalarsa. Manajan masana'anta ba shi da ikon ya ce wannan yaron ya fi kowa kai, bari in ninka masa. Jadawalin kuma yana da aƙida a bayansa. An raba ayyuka gida biyu, masu samar da kaya da waɗanda ake ganin ba sa samar da komai. Mai haƙar kwal da mai narka ƙarfe suna gida na farko, likita da malamin makaranta suna na biyu. Shi ya sa a Tarayyar Sobiyet mahaƙin kwal ya fi likita albashi nesa ba kusa ba, kuma zuwa shekarun 1980 albashin injiniya ya kusa daidai da na ƙwararren lebura.

Hukuma tana da hujjarta, kuma ba hujjar banza ba ce. Ita ta koyar da kai kyauta, ta ba ka ɗan alawus kana ɗalibi, ranar da ka gama kuma ta tura ka wurin aiki, a Sobiyet na tsawon shekara uku kafin ka iya sauya sheƙa. Tunda ba ka zuba jari ba, riba ta mece ce za ka nema? Sai dai duk da haka mutane sun yi ta rububin shiga jami'a, wanda ke nuna cewa albashi ba shi ne dukan lada ba. Digiri yana raba ka da ramin kwal, ya ba ka zama a birni, ya kusantar da kai ga masu raba gidaje da masu riƙe da makullin kantin da kaya ke isa. A ƙasar da kuɗi ba ya sayen abin da babu a kanti, wa ka sani ya fi nawa kake ɗauka muhimmanci. Don haka duk wani adadi da aka ce shi ne ribar karatu a wancan zamani, a ɗauke shi da taka-tsantsan, bai ƙirga komai da komai ba.

Ma'aunin da ake amfani da shi kuwa na Jacob Mincer ne, masanin da aka haifa a Foland ya yi aiki a Amurka, wanda ya daidaita shi a 1974. A taƙaice, ana tara bayanan dubban ma'aikata, a kwatanta waɗanda suka yi daidai a shekarun aiki, a duba da kashi nawa albashi ke ƙaruwa da kowace shekara ɗaya ta ƙarin karatu. Matsakaicin duniya yana wajen kashi 9 cikin ɗari. A ƙasar Cek, binciken Daniel Münich da Jan Svejnar da Katherine Terrell ya nuna ƙasa da kashi 3 a 1989, shekarar da gurguzu ya faɗi, zuwa 1996 kuma ya kusa kashi 6. A biranen Sin, wani bincike da ake yawan kafa hujja da shi ya samu kashi 4 a 1988, da kashi 10.2 a 2001. A Biyetnam, wadda ta ƙaddamar da gyaranta a 1986, abin bai wuce wajen kashi 5 ba a farkon shekarun 1990.

Adadin yana da kamar ƙanƙanta, amma yana taruwa. Shekara huɗu ta jami'a a kan kashi 4 na nufin mai digiri ya fi wanda ya tsaya a sakandare da kusan kashi 17. A kan kashi 10 kuwa fifikon ya kusa rabin albashi, kowane wata, har ritaya. Wannan ya isa ya sauya shawarar da uba ke yankewa a kan ɗansa mai shekara goma sha biyar.

Me ya ɗaga shi? Amsar da ta fi sauƙi ita ce an yage jadawali, sai albashi ya koma bin abin da mutum ke iya kawowa. Gaskiya ne, amma bai isa ba. Akwai kuma sauyin abin da ake nema. Tattalin arzikin da ma'aikatar tsare-tsare ke juyawa ba ya buƙatar mai talla, ko mai inshora, ko lauyan kwangila, ko akantan da ya san yadda ake lissafin riba da asara, don ba a rufe masana'anta saboda ta yi asara. Dare ɗaya duk aka wayi gari ana neman waɗannan mutane ido rufe, kuma ba a horar da su ba. Kamfanonin waje da suka shigo Warso da Budafes da Firag sun riƙa farautar duk wanda ke jin Turanci ko Jamusanci. Malamar da ta yi shekaru tana koyar da harshe a kan albashin da bai taka kara ya karya ba, sai ga ta tana tafinta a ofishin banki.

Dalilin da ni na fi ba wa nauyi shi ne wanda Theodore Schultz ya bayyana tun 1975, kafin kowa ya yi mafarkin rushewar katangar Balin. Ya ce babban amfanin ilimi yana fitowa ne lokacin da al'amura suka rikice. Inda komai ke tafiya yadda aka saba, gwaninta ta ishi mutum: abin da ya yi bara shi zai yi bana. Amma ranar da farashi ya rabu da hannun hukuma, dokoki suka sauya, mai sayen kayanka na shekara talatin ya ɓace, to wanda zai tsira shi ne mai iya karanta sabuwar doka ya gane inda ta dosa, ya lissafa ko wannan harka za ta fitar da shi, ya koyi sabon aiki cikin wata shida. Idan kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya, kuma makaranta, in ta yi aikinta, ba rawa ɗaya take koya wa mutum ba, kunnen jin kiɗa take ba shi. Masanin kimiyyar lissafi a Mosko bai taɓa karanta harkar banki ba, amma da yawa daga cikinsu can suka ƙare, kuma suka yi fice.

Wannan ne ke bayyana wani abu da matsakaicin adadi ke ɓoyewa: ba kowane irin karatu ne ya yi daraja ba. Ƙasashen gurguzu sun yi alfahari da makarantun koyon sana'a, kuma a Foland da Hangare da Cekoslobakiya kaso mai yawa na matasa can ake tura su bayan firamare. Yawancin makarantun a jingine suke da wata masana'anta, suna horar da yaro a kan injin da zai tsaya a gabansa har tsufa. A ɗauki mutum mai shekara hamsin a garin da masana'anta guda ce ke riƙe da kowa, ita ta gina gidaje, ita ke da asibiti da gidan renon yara. Ya san injinsa kamar yunwar cikinsa, daga ƙararsa kaɗai yana gane wane ƙarfe ne ya sassauta. Ran da aka rufe masana'antar, wannan sani na shekara talatin ya tashi a tutar babu, domin babu wani wuri a duniya da ke amfani da irin injin. Takardarsa na nan, an buga mata hatimi, amma ba mai tambayarta. Shi ya sa a ƙasashe da dama na yankin, a daidai lokacin da ribar karatu ke hawa, ribar daɗewa a aiki ta yi ƙasa. Elizabeth Brainerd ta nuna haka a Rasha a farkon shekarun 1990: samari masu ilimi suka haye, dattawa suka sha ƙasa. Abin ya juye, saurayi ɗan shekara ashirin da takwas ya zama shugaban sa'an ubansa.

A Sin wannan rashin sa'a ya faɗa kan tsara guda har sau uku. Waɗanda juyin al'adu na 1966 zuwa 1976, guguwar siyasar Mao Zedong da ta hargitsa makarantu, ya riska suna makaranta, karatunsu ya katse, aka tura miliyoyinsu karkara. Jarrabawar shiga jami'a ba ta dawo ba sai 1977, kuma ƙalilan ne suka tsallake. Sauran suka dawo birni suka shiga masana'antun gwamnati, inda aiki ke da tabbas har ake kiransa kwanon shinkafa na ƙarfe, wato wanda ba ya fashewa. A ƙarshen shekarun 1990, zamanin firaminista Zhu Rongji, kwanon ya fashe: aka sallami gomman miliyoyin ma'aikata. Har laƙabi aka yi wa waɗanda suka fi shan wahalar samun wani aikin, ana ce musu 'yan 40 da 50, wato mata da suka haura arba'in da maza da suka haura hamsin. Wani ɓangare na hawan ribar karatu a waɗannan shekaru ba daga ɗaukakar mai digiri ya fito ba, daga faɗuwar waɗannan ne.

Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci, domin ribar karatu kwatanci ce tsakanin mutum biyu. Tana iya hawa alhali kowa na talaucewa, in dai wani ya fi wani saurin nutsewa. Rasha ce babban misali. An saki farashi a ranar 2 ga Janairun 1992, kuma a wannan shekara kaɗai hauhawar farashi ta kai wajen kashi 2,500 cikin ɗari. Ajiyar da mutane suka tara tsawon rayuwa ta narke. Daga baya aka shiga zamanin riƙe albashi, ma'aikaci ya yi wata da watanni ba a biya shi ba, wani lokaci a biya shi da kayan da masana'antar ke ƙerawa, ya fita bakin hanya ya nemi mai saye. Likitoci da malamai da masu bincike, waɗanda albashinsu ke fitowa daga baitulmalin da ya bushe, suna cikin waɗanda suka fi ji a jika. Dubbai suka zama 'yan fatauci, suna zirga-zirga zuwa Turkiyya da Sin da Foland da manyan jakunkunan leda masu zanen dara, suna sayo riguna da takalma su kasa a kasuwa. Injiniya ce tsaye cikin ƙanƙara tana gwada wa mai saye wando a kan kwali. Lamarin ya kai har attajiri George Soros ya kafa gidauniya ta raba wa dubban masana kimiyya dala 500 kowanne don kada su watse. A takarda kuwa, ribar karatu tana hawa a duk tsawon wannan lokaci. Duka biyun gaskiya ne. Ilimi ya biya, amma sai ga wanda ya fitar da shi daga ma'aikatar gwamnati ya kai shi inda ake saye.

Nan ne kuma amsar mai dafaffen ƙwai take. Sin ba ta saki komai a lokaci guda ba. Ta fara buɗe kasuwa ne daga ƙasa: manomi ya samu damar sayar da rarar amfanin gonarsa, mai ƙaramar sana'a ya samu lasisi. Masu ilimi kuwa suna cikin ma'aikatun gwamnati, a ɗaure da jadawali, kuma barin aiki na nufin barin gida da asibiti da makarantar yara, ga rajistar mazauni da ke hana mutum ƙaura yadda ya ga dama. Kasuwar kaya ta buɗe, kasuwar ƙwadago na kulle. Sai bayan rangadin da Deng ya yi a kudancin ƙasar a 1992 ne ma'aikata da jami'ai suka fara ajiye aiki suna shiga kasuwanci, abin da suke kira faɗawa teku. Aka daina raba wa masu digiri wurin aiki, kamfanonin waje suka cika Shenzhen da Shanghai, ƙasar ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001. Ilimi ba ya samun farashinsa sai mai shi yana da ikon cewa na tafi. Binciken da ya haɗa ƙasashe da yawa ya nuna haka: inda gyara ya yi sauri, ribar karatu ta yi saurin hawa. Rasha da Yukren sun fito daga tsari ɗaya da makarantu iri ɗaya, amma zuwa farkon shekarun 2000 ribar a Rasha ta kusa ninka ta Yukren, wadda ta yi jan ƙafa.

Akwai gardamar da ba ta mutu ba. A 1989 masanin zamantakewa Victor Nee ya yi hasashen cewa kasuwa za ta ƙwace fifiko daga hannun jami'an jam'iyyar gurguzu ta miƙa wa masu samarwa da masu ilimi. Wasu suka ce a'a, mai uwa a gindin murhu ba ya rasa rabo: jami'in da ya san wace masana'anta za a sayar, da wa zai sa hannu, shi ya fi kowa damar mallakarta. Bincike a Hangare da biranen Sin ya nuna tsofaffin jami'ai da dama sun juya muƙami ya zama dukiya. A ganina ɓangarorin biyu kan mutum ɗaya suke gardama ba su sani ba. A shekarun ƙarshe na gurguzu, jami'in jam'iyya galibi shi ne mai digirin. Raba abin da kwalinsa ya kawo masa da abin da littafin lambobin wayarsa ya kawo masa aiki ne ja.

Hakan ya kai mu ga tambayar da ke bin duk wannan lissafi: karatun ne ke ƙara albashi, ko kuwa waɗanda dama can za su yi nasara ne ke yin karatu? Michael Spence ya nuna tun 1973 cewa takarda na iya zama alama kawai, mai ɗaukar aiki ya dube ta ya ce wannan ya jure jarrabawa, ba don abin da aka koya masa ba. Hanya ɗaya ta gwadawa ita ce a kwatanta tagwaye masu kama ɗaya, gida ɗaya, jini ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya karatu. Da aka yi haka a biranen Sin, ribar da ta haura kashi 8 ta sauko ƙasa da rabin haka. Ke nan babban kaso na abin da ake kira ribar karatu, ribar gidan da aka haife ka ce da kaifin da ka zo da shi. Wannan ya ƙara nauyi da aka fara karɓar kuɗin makaranta, domin daga 1997 kusan duk ɗalibin jami'a a Sin biya yake yi. Tazarar albashi ta buɗe a daidai lokacin da tsanin hawa ya koma na kuɗi, kuma ɗan ƙauye ne ya fi jin tsadarsa.

Mata kuwa, a yawancin binciken Sin da Biyetnam ribar karatunsu ta fi ta maza. Kada a yi saurin murna: ba don mai digiri ta fi namiji albashi ba ne, don wadda ba ta yi karatu ba ana biyanta abin da bai kai ya kawo ba ne.

Iyaye ba sa karanta mujallun masana, amma suna ganin wa ya sayi mota a unguwa. Da suka ga inda riba take, sai kowa ya nufi can. A Foland ɗaliban manyan makarantu sun tashi daga wajen 400,000 a 1990 zuwa kusan miliyan biyu a tsakiyar shekarun 2000, jami'o'i masu zaman kansu suka tsiro ko'ina, yawanci suna koyar da harkar gudanarwa da kasuwanci a ƙarshen mako. Da ƙasar ta shiga Tarayyar Turai a 2004, da yawa daga masu waɗannan takardu suka ƙare suna aikin otal da rumbun kaya a Ingila, inda albashin wanke-wanke ya fi na ofis a gida. Sin ta faɗaɗa jami'o'inta a 1999: waɗanda aka ɗauka a 1998 sun ɗan haura miliyan ɗaya, a 2022 kuwa waɗanda suka kammala sun haura miliyan goma. Digiri bai daina biya ba, har yanzu mai shi ya fi marar shi samu. Amma tambayar ta sauya daga kana da digiri zuwa daga wace jami'a, a wane fanni.

A watan Yunin 2023 rashin aikin yi tsakanin matasan biranen Sin 'yan shekara 16 zuwa 24 ya kai kashi 21.3 cikin ɗari, hukumar ƙididdiga ta dakatar da fitar da adadin na wasu watanni, sannan ta dawo da shi bayan ta cire ɗalibai daga lissafi. A ƙarshen wannan shekarar, mutum wajen miliyan uku ne aka tantance don zana jarrabawar shiga aikin gwamnatin tsakiya, suna neman gurabe da ba su kai 40,000 ba. Yawancinsu masu digiri ne, 'ya'yan tsarar da ta ajiye aikin hukuma ta faɗa teku a 1992. Wanda ya ci jarrabawar, cewa ake yi ya fito gaɓa.